Lungun da Na Ɓoye a Cikin Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan taro, Alhaji Abukari. Mai girma Sarkin Zango da dattawansa. Limamanmu da malamanmu. Iyayenmu mata da suka bar tukwane da teburan ciniki suka zo. Matasan Nima da na Maamobi. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Gafaru, mai zanen gini. Ina godiya ga kwamitin makaranta da ya ɗora mini zanen sabuwar Islamiyyarmu, ina kuma godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a haƙa tushe ranar Asabar. Zanen da kuka amince da shi akwai kuskure a cikinsa, kuma kuskuren nawa ne. Maganata uku ce.

Ta farko, yadda kwamfuta take zane. Da, a kan takarda muke yi da fensir. Shekara biyu ke nan ofishinmu ya sayi kwamfuta, wadda ke jera zane shafi a kan shafi, kamar takardun da ake gani ta cikinsu: bango a shafinsa, rufi a shafinsa, abin da ke filin tun asali shi ma a shafinsa. Mai zane yana iya ɓoye shafin da ya ga dama. Ni kuwa na so in burge kwamiti da zane mai tsabta, sai na ɓoye shafin tsofaffin abubuwa, wato kwata da bututun ruwa da lunguna, na ga fili fetal. Da aka ce a ƙara aji na shida, na kama bangon gabas na tura shi gaba.

Ta biyu, gargaɗin da na ƙi ji. Duk sanda na taɓa bangon nan, sai kwamfuta ta tsaya ta rubuto cewa akwai abin da ke ɓoye a wurin, in duba tukuna. Na danna a ci gaba. Ta sake faɗa, na sake dannawa. Mako uku muna haka. Na zargi faifan kwamfutar, na canza shi. Na zargi wuta. Har na ɗauki kwamfutar a tasi zuwa unguwar Circle wurin Ramadan mai gyara. Ya duba, ya dube ni, ya ce: "Masta, mashin ɗin nan bai da laifi ko kaɗan. Kai ka ɓoye abu, shi yana tuna maka." Na ji haushi, na ce masa shekara ashirin ina zane, na kwaso kayana na dawo.

Washegari na zo auna fili, ina buga turaku, sai ga Mma Lamisi. Wanda bai san ta ba, ita ce ke wanke mana mata idan sun rasu, shekara arba'in ke nan, gidanta yana bayan filin nan. Ta tsaya ta dubi igiyar da na ja, ta ce: "Gafaru ɗan Zuera, wannan igiya bango ne?" Na ce bango ne, Mma. Ta ce: "Matan da na wanke sun fi ɗari, duk ta lungun nan makara ta fita da su zuwa masallaci. Ni ta ina za ku fitar da ni?"

Jama'a, nan take na ajiye turakun. Na koma ofis na buɗe shafin da na ɓoye. Ga lungun nan da jan layi, ni na auna shi da hannuna, bangona ya hau kansa ya bar ƙafa biyu kacal. Mutum zai wuce a karkace, mai tallan koko ma za ta wuce, amma makara da maza huɗu ba za ta juya a kusurwar nan ba. Gida goma sha ɗaya ne a baya, ba su da wata mafita sai tsallaka babbar kwata. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin mahaifiyata Zuera ta lungun nan ta fita, Mma Lamisi ce ta wanke ta, ni ne kuma na riƙe kusurwar gaba ta makarar, har bango ya goge mini yatsu.

Ta uku, roƙona. Na yi sabon zane, kowane shafi a buɗe, kwamfuta ba ta ce komai ba. Bango ya ja baya ƙafa biyar, aji na shida ya ƙanƙance, benci huɗu za su fita. Na san malamai sun ƙwallafa rai a kan ajin, na san yara sun yi yawa, ban raina wannan ba. Amma ina roƙon ku amince da shi yau, domin yaran za su iya matsawa juna a benci, wanda ke kan makara kuwa ba ya iya karkacewa. Bayan taro, makara tana ƙofar masallaci, na kuma ja sabuwar igiya. Maza huɗu su ɗauka mu gwada kusurwar lungun a gaban Mma Lamisi. In ta ce ya yi, a haƙa tushe.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, ya sa albarka a makarantar nan da yaran da za su yi karatu a cikinta, ya jiƙan waɗanda suka fita ta lungun nan, ya ba Mma Lamisi tsawon rai, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.