Tatar Farko

Nu'uman: Salamu alaikum, Yaya Jamilatu.

Jamilatu: Wa alaikumus salam, Nu'uman. Ina yini?

Nu'uman: Lafiya lau. Ya gida? Ya zafi?

Jamilatu: Zafin ƙasar Larabawa, lokacinsa ne. Ya aiki?

Nu'uman: Alhamdu lillahi. Mai gidan ya dawo?

Jamilatu: Basiru sai magariba. Ya Baturenka?

Nu'uman: Batir? Akwai caji, yanzu na cire.

Jamilatu: Baturenka na ce, injiniyan da kake tuƙawa.

Nu'uman: Au, oga. Lafiyarsa ƙalau. Yaya, albishirinki.

Jamilatu: Ajiye shi tukuna, ba ni da goro. Tambaya zan yi maka, ka amsa min a tsanake. Ruwan nan da kake kawo min ina haɗa humra da shi, yaushe ka fara ɗebo shi?

Nu'uman: Wata Alhamis ce bayan azahar, kafin azumi. Oga ya kira ni sama in riƙe masa tiyo.

Jamilatu: Sama ina?

Nu'uman: Banɗakin baƙi. Can yake haɗa turarensa.

Jamilatu: Turarensa. To, ba ni labarin masana'antar.

Nu'uman: Ai abin kallo ne, Yaya. Tukunyar ƙarfe ce babba, da dogon bututun jan ƙarfe a tsaye a kanta, ya kusa taɓa silin. Akwai ma'aunin zafi a ƙoli, ga tiyon ruwan sanyi yana zagayawa. Abin yana ɗigowa kaɗan-kaɗan, kamar hawaye.

Jamilatu: Me ake zubawa a tukunyar? Itacen ud? Furen wardi?

Nu'uman: Wani ruwa ne da yake jiƙawa a durom. Ni dai nakan sayo masa sukari buhu-buhu, da yis.

Jamilatu: Sukari da yis. Kai da ka gama sakandare. Turare ne ko fanke?

Nu'uman: Turawa da tasu hanyar, Yaya. Dakata, wani ɗan tasi zai shige min.

Jamilatu: Ina jinka.

Nu'uman: To, wanda ya fara ɗigowa sai ya tara a kofi, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce in juye a masai. Daga nan ya jera ƙananan kwalabe yana tara ɗaya bayan ɗaya, yana shinshinawa. Na farko-farkon ya ture gefe, ya ce su ma a zubar. Sai na tsakiya yake ajiyewa.

Jamilatu: Kai kuma ka ji tausayinsu.

Nu'uman: Almubazzaranci ne. Ki tuna Inna in tana tatar gasara a Malumfashi. Tatar farko ita ce mai kauri, ta ƙarshe kuwa ruwa ne kawai. Haka man gyaɗa, haka shayin Buzaye. Wa ya taɓa zubar da na farko? Na ce wannan mutumin kuɗi ne suka yi masa yawa. Ga shi da ƙarfi, yana hawa kai kamar abin goge jan farce. Na ce Yayata ta huta da sayen sifirit.

Jamilatu: Allah ya saka. Ka tambaye shi sunan turaren?

Nu'uman: Ba ya son surutu in yana aiki. Labule ma yake saki. Amma mutumin yana ƙaunata. Duk sanda ya ɗaga kwalba sai ya dube ni ya yi dariya ya ce sidiki. Larabcin da ya iya ke nan. Abokina, kin gane.

Jamilatu: Na gane. Abokin Bature. Kai yake kallo ko kwalbar?

Nu'uman: Ban ji ba, layin yana yankewa.

Jamilatu: Na ce jiya na je kasuwar Batha, shagon Alhaji Buraima mai turare. Na kai masa ragowar, na ce ya samo min irinsa, kar in riƙa ɗora maka nauyi. Ya buɗe, ya kai hanci, sai ya tashi ya ja ƙofar shago har ƙasa. Ya tambaye ni ko wani ya gan ni da shi a hanya.

Nu'uman: Don tsada?

Jamilatu: Don bulala. Sidiki ba kai ba ne, Nu'uman. Sunan giyar da Turawa suke dafawa a ɓoye ke nan a gidajensu. Kwalbar yake gaisarwa, kai kana washe baki.

Nu'uman: Giya kuma? Yaya, ai fara ce tas kamar zamzam.

Jamilatu: Kar ka haɗa. Kuma saurari sauran. Alhaji ya ce wannan na farkon da kake tarawa, ko mashayan ba sa kai shi baki. Shi ne dattin, mai fasa kai, har ido yana iya taɓawa. Shi ya sa ogan naka yake zubarwa. Wato kai, cikin haram ɗin ma, shararta ka zaɓo min.

Nu'uman: Inna lillahi.

Jamilatu: Na jiƙa farce da sandal a ciki. Na shafa wa hijabin sallata. Ina ta ciwon kai ina zagin na'urar sanyi. Daren jiya na juye humrar duka a masai, inda ya ce ka kai tun farko. Yanzu abu ɗaya nake so. In akwai saura a ɗakinka, ka zubar yau, ka wanke kwalaben. Ka san garin nan. Hukuma ba za ta tambaye ka ko tatar farko ce ba.

Nu'uman: Yaya.

Jamilatu: Na'am, sidiki.

Nu'uman: Babu saura a ɗaki.

Jamilatu: Madalla.

Nu'uman: Albishirin ke nan. Oga ya tafi hutu, kafin ya tafi ya yi dahuwa babba. Jarka biyu na tara miki. Suna bayan mota.

Jamilatu: Wace mota? Kana ina?

Nu'uman: Hanyar unguwar Aziziya, na kusa gidanki.

Jamilatu: Fita daga titin. Shiga kowane lungu ka tuttule su a ƙasa.

Nu'uman: Mafitar tana baya. Na wuce ta lokacin da kike zancen fanke.

Jamilatu: To juya.

Nu'uman: Ba hali. An tare layi biyu, kowa ya koma ɗaya. Na ɗauka cunkoso ne.

Jamilatu: Hatsari aka yi?

Nu'uman: Taftish ne, shingen bincike. Askar, 'yan sandansu, suna duba iƙama, katin izinin zama.

Jamilatu: Taka ai da rai. Miƙa musu, ka yi sallama, kar ka yi surutu. Murfin jarkokin a ɗaure yake?

Nu'uman: Ɗaya ba ta da murfi, leda na ɗaura. Tun ɗazu motar ke ƙamshi, shi ya sa na sauke gilashi.

Jamilatu: Nu'uman, ka ce na goge mota ne. Kana jina? Ka ce...

Nu'uman: Askar ɗin ya karɓi iƙamar. Ya sunkuyo yana shinshina.

Jamilatu: Me ya ce?

Nu'uman: Ya ce in kashe mota in buɗe baya.