Giyar Motar Na'Allah

A tashar Gidan Rumji, dattijo Na'Allah yana ta kokawa da giyar tsohuwar Fijonsa, sai wani direba da bai sani ba ya leƙo ta taga.

"Baba, wannan ƙara haka? Za ka zubar mata da haƙora."

"Sati guda ke nan tana ƙin shiga. Na sake mai, makaniki ya kwance ya ɗaure, duk a banza."

"Kawo in gwada."

Direban ya zauna, ya taka kuloci, giya ta yi ta shiga sumul.

"Motarka lafiya lau take. Ƙafarka ce ba ta danna kuloci har ƙasa. Ciwon gwiwa ne?"

"Fadila ce ta turo ka?"

"Wace ce Fadila?"

"Ɗiyata. So take in ajiye makulli in koma kan tabarma. Ni da na shekara arba'in ina kai gero Maraɗi da motar nan!"

"To Baba, in ƙafa ta gaji..."

"Ita ta gaji, ba ni ba. Miƙo mini guntun katakon can da igiya. In ƙafata ba ta iya sauka, kuloci ya taso ya same ta."