Bututun da Malam Haladu Bai Ƙarasa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Malaman jami'a da kuka baro aiki kuka zo, 'yan'uwana kanikawa da masu walda, Hajiya Indo da 'ya'yanki, assalamu alaikum. Sunana Inuwa, ni ke shugabantar kanikawan garejinmu, kuma shekara talatin da ɗaya rumfata tana jikin ta Malam Haladu. Shi ya sa aka ce in yi magana yau da ya cika kwana arba'in. Da an bi ta tawa, da can baya na zauna na yi shiru.

Malam Haladu ya kasance mai walda, amma kunnensa ya fi idonmu gani. Mota za ta sauko daga gada, yana sunkuye, sai ya ce, "Inuwa, waccan salansarta ta huje ta wuya." In ta tsaya aka duba, haka ne. Ya kasance mai faɗa, wannan kam kada mu yi masa ƙarya don ba ya nan. Ni kaina ya taɓa korata daga rumfarsa don na taka masa ƙarfe. Ya kasance in motar ɗaukar gawa ta lalace, da ita zai fara, ko waye ke jira.

Ya kasance yana lanƙwasa bututu da yashi. Zai ɗebo yashin kogi, ya tankaɗe, ya soya a kasko har ya bushe ƙarau, don in da laima, yana jin wuta sai bututun ya fashe. Sannan ya ɗura, ya toshe baki biyu, ya gasa, ya lanƙwasa a hankali ba tare da ƙarfen ya lotsa ba. Hajiya, kaskon gyaɗarki nawa ya ƙona, ke kika sani. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa Malam ya koma tuya.

Bara Dokta Saifuddeen na jami'a, ga shi nan zaune, ya jawo mana wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gadon mahaifinsa. Ya yi odar sababbin bututan da ke kwashe hayaƙi daga injin, suka iso suna ƙyalli, suka ƙi zama. Ashe motar ta zamanin da ce, sitiyarinta a dama yake, su kuma na mai sitiyari a hagu aka aiko. Malam Haladu ya ce, "Dokta, rataye su a falo ka yi ado. Silinda huɗu, bututu huɗu, kowanne tsawonsa daidai da ɗan'uwansa. Ni zan yi maka." Da zare yake awo. Ya gama uku, kamar a jikin motar aka halicce su. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Ranar addu'ar bakwai babbar 'yarsa Juwairiyya ta tare ni a zaure ta ce, "Baba Inuwa, ku ƙarasa masa. Bai taɓa barin aiki a rabi ba." Na ce mata in Allah ya yarda.

Mu shida muka taru. Mun ɗebo yashi, mun soya, mun gasa. Bututu tara muka ɓata. Wani ya lotsa, wani ya tsage, wani ya yi kyau amma ya gaza tsawo. Mun tambaya har Kano, aka ce a yanka gunduwa-gunduwa a haɗa da walda, abin da Malam Haladu ya fi tsana kenan a duniya. Sau nawa yana kiranmu, "Ku zo ku gani," muna cewa sai an jima? Masu tasowa kuma cirewa da sakawa kawai suka iya, kuma ba laifinsu ba ne, abin da muka koya musu kenan. Wallahi raina a ɓace yake, kuma ban ga inda wani Haladu zai fito ba.

Juwairiyya, 'yata, na kasa faɗa miki a gida, shi ya sa nake faɗa a gaban jama'a. Ba za mu iya ba. Gobe Dokta zai zo ya ja motarsa. Ki yafe mana.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya jiƙan Malam Haladu, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa abin da ya tarar a can cikakke ne, ba irin yadda muka bar masa na nan ba. Amin.