Akwatin Wasiƙun Kowa da Kowa

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Plovdiv, Radoslav, mai kula da kwamfutocin wani kamfani, ya kasa zama, sai dariya yake shi kaɗai. Wata tsohuwa ta dube shi.

"Ɗan nan, caca ka ci?"

"Ya fi caca, Kaka! Shekara shida duk imel ɗin masu sayayya akwatina yake faɗowa, ban taɓa hutu ba. Jiya na buɗe akwati ɗaya a babbar kwamfutarmu, kowane ma'aikaci ya shiga ya amsa. Yau sai bakin teku!"

"Sun neme ka?"

"Ko sau ɗaya!"

"Madalla. Ashe aikin na tafiya ko ba ka nan."

Radoslav ya haɗiye dariyarsa, ya laluba aljihu ya ciro waya.