Muryar da Ta Rage a Cikin Saba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugabar wannan cibiya, malamai abokan aikina, iyaye da kuka baro harkokinku kuka zo, ɗalibanmu da yau za ku karɓi shaidar kammala karatu, sai kuma Babban Malaminmu da ke zaune a gaba kan kekensa na marasa lafiya, da mai ɗakinsa da ke riƙe da hannunsa, wadda dukkanmu muke kira Mama, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku godiya, ina kuma neman afuwarku tun yanzu, domin an ce in yi jawabin murna, ni kuwa abin da na zo da shi ba murna ba ce zalla.

Iyayenmu, na san wasunku na tambaya a ransu me yaran nan suka yi wata da watanni suna koya a gaban baƙin allo, babu hoto, babu launi, babu ko linzamin kwamfuta da za a ja. Wani uba ya taɓa leƙowa ajinmu ya tambaye ni ko na'urorin sun lalace ne. Ba su lalace ba. Akwai wata babbar kwamfuta da muke kira saba, tana zaune a ɗaki mai sanyi, ita ke riƙe da ajiyar kowa, kuma ba a yi mata magana sai da rubutu. Ka rubuta umarni, ka danna, ta aikata. Ba ta tambayarka ko ka tabbata, ba ta jin tausayinka idan ka yi kuskure. Wannan shi ne abin da 'ya'yanku suka koya, kuma a kansa nake da magana uku.

Magana ta farko, ku karanta kafin ku danna. Ba tawa ba ce, ta Babban Malam ce. Shi ya kafa ɗakin saba na wannan cibiya da hannunsa, shi ya koya mini, shi ya koya wa duk malamin da kuke gani a nan. Zai tsaya a bayanka, hannu a aljihu, ya bar ka ka rubuta umarninka, sai yatsanka ya doshi maɓalli ya ja murya ya ce: "Karanta tukuna, ɗana. Na'ura ba ta san ka yi nadama ba." Har laƙabi muka sa masa, Karanta-Tukuna, kuma babu ɗalibin da ya wuce ta hannunsa bai iya kwaikwayon muryar nan a bayan idonsa ba. Malam, yau na tona mana asiri, ka yi haƙuri.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu masu wannan sana'a muna da al'adu biyu da muke alfahari da su. Ɗaya, muna taƙama da daɗewar saba a kunne. Idan muka haɗu da takwarorinmu, ba ma tambayar lafiyar iyali sai mun tambayi shekara nawa na'urarka ta yi ba a kashe ta ba. Tamu ta yi shekaru, muna nuna wa baƙi kamar yadda ake nuna ɗan da ya ci jarrabawa. Ɗaya kuma, an koya mana cewa kalmar sirri ta babban asusu, wanda ke buɗe kowace ƙofa a cikin na'ura, ba a rubuta ta, ba a faɗe ta, ba a ba wa ko ɗan'uwa. Babban Malam ya riƙe wannan ƙa'ida da gaskiya. Ya kulle faifan ajiya gaba ɗaya, ya sa doguwar kalma, ya yi ta buga ta shekara da shekaru har ta bar kansa ta koma yatsunsa. Ya taɓa gaya mini yana dariya cewa ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai iya faɗar ta da baki ba, sai dai a ba shi kibod, wato allon maɓallan rubutu. Na yi dariya, shi ma ya yi dariya, muka koma aiki.

A cikin wannan asusu yake ajiye darussansa. Duk ajin da ya koyar yakan ɗauki muryarsa, da bayaninsa, da barkwancinsa, da faɗansa, yana cewa idan ya yi ritaya zai tace su ya bar wa ɗalibai.

Bara, yana tsaye a gaban allo da rana tsaka, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya bar mana shi, mun gode masa. Amma hannun dama ya tafi, magana ma ta tafi.

Bayan an sallame shi daga asibiti Mama ta zo ofishina. Ba ta taɓa shiga ɗakin saba ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin ƙugin na'urar. Ta ce ta ji an ce muryarsa na ciki. Na ce haka ne. Ta ce: "'Yata, ni ban san komai a aikinku ba. Jikokinsa ƙanana ne, za su tashi ba su san yadda yake magana ba. Ni ma gidan ya yi mini shiru. Ki fito mini da muryar kawai."

Ɗalibai, na ga wasunku na motsi, na san abin da ke ranku, domin ni na koya muku: a sake kunna na'urar, a shiga ta ƙofar gyara, a canja kalmar. Gaskiya ne, amma faifan a kulle yake, kuma da zarar na'urar ta mutu ta tashi, abu na farko da za ta nema shi ne wannan kalma. Muddin tana kunne, ajiyar a buɗe take daga ciki, mu ne dai ba mu da izinin isa wurinta. Abin da muke taƙama da shi ya koma abin da muke kwana da fargabarsa.

Sai muka ɗauki kibod muka kai masa gida, muka ɗora masa a cinya. Ya gane abin da muke nufi, idonsa ya nuna. Hannun hagu ya hau maɓallai da kansa, ya buga harafi, ya tsaya, ya buga biyu, ya sake tsayawa. Kowace tsayawa wurin hannun dama ce, yana jiran ɗan'uwansa ya buga nasa. Ya maimaita, ya maimaita, tsayawar ba ta canja wuri ba. Rabin kalmar ne a hannunmu, rabin kuma yana cikin hannun da ba ya motsi. Da Mama ta ga hawaye a fuskarsa ta sa hannu ta ɗauke kibod ɗin, ta ce ya isa haka.

Mun rubuta ɗan shirin kwamfuta mai gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai sun taya mu, amma kalmar doguwa ce, Malam bai yi aikinsa da wasa ba. Muna cikin haka wuta ta ɗauke ta daɗe, janareto ya ƙi tashi, batir ya yi iya yinsa ya gaji. Ina tsaye a ɗakin ƙugin ya tsaya. Ban taɓa jin baƙin ciki a wurin aiki irin na wannan yammaci ba. Ajiyar cibiya muna da kwafinta a wani wuri, ba ta ɓata ba. Muryar ce kaɗai ba ta da kwafi.

Ba na ɗora wa Malam laifi, ya yi abin da sana'ar ta koya masa. Sana'ar ce ta koya mana tsoron ɓarawo, ba ta koya mana tsoron ranar da mai mabuɗi zai kasa miƙa hannu ba. Da ma mun kashe na'urar nan sau ɗaya da gangan muna tare da shi. Da ma wani ya tambaya, idan ba ka nan fa?

Magana ta uku gajeriya ce. Duk sabar da aka damƙa muku, kada mabuɗinta ya zauna a hannun mutum ɗaya, ko da mutumin ku ne. Ku kashe ta da kanku ku ga ta tashi. Ku yi kwafi, ku gwada kwafin.

Mama, kin roƙe ni abu ɗaya, ban iya kawo miki ba. Amma ɗakin nan cike yake da mutanen da suka yi shekaru suna satar muryarsa. Ina roƙon duk wanda Malam ya taɓa tsaya wa a baya, malami ko ɗalibi, ya miƙe tsaye. Ku miƙe, kada ku ji kunya, shugabar cibiya, har da ke. Ku sa hannu a aljihu, ku ja murya yadda yake ja, mu faɗa tare:

"Karanta tukuna, ɗana. Na'ura ba ta san ka yi nadama ba."

Mama, iyakar kwafin da muka samu ke nan. Ki kawo jikokin duk ranar da kika ga dama, za mu sake faɗa musu.

Allah ya ba Malam lafiya, Allah ya saka wa Mama da alheri, Allah ya sa albarka a hannuwan ɗalibanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.