Motar Panama

A tashar motar zuwa ƙasar Panama da ke San José, babban birninmu, zamanin da doka ta hana dashen ciki a ƙasarmu, wato haɗa ƙwan haihuwa a asibiti a dasa wa mace, wata dattijuwa mai carbi ta leƙa takardun asibitin matar da ke gefenta.

"Dashen ciki za ki je yi, 'yar nan?"

"Shekarata tara da aure ba haihuwa, Mama. A nan kuma sun hana."

"Daidai suka yi. Katolika ne addinin ƙasa, yana nan a rubuce."

"Ni ba 'yar Katolika ba ce."

"Ƙasar ce Katolika. Cikinki kuwa a ƙasar yake."

"To, gobe zai tsallake iyaka. Ke me zai kai ki?"

"Godiya. Duk shekara nake kai wa wani likita gahawar gonarmu." Ta zaro hoto daga jaka. "Jikana Isidro. Bishop da kansa ya yi masa baftisma."

"Likitan me, Mama?"

Dattijuwar ta ja carbi. Can ta sake leƙa takardar.

"Wurin wannan likitan suka tura ki? Bai iya aikin ba. Zunubi ne dai, amma miƙo biro in rubuta miki sunan namu likitan. Idan an dace, ki ce wa mutane addu'a ce. Mu ma haka muka ce."