Kada a Sa wa Gambar Bakin Rafi Wuta

Da sunan Allah nake farawa. Shugaban taro, Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Maigari, Allah ya ja kwana. Liman, Allah gafarta Malam. Sarkin Noma da Sarkin Dawa. Baƙonmu Malam Istifanus mai hoto da ya taso daga Gusau. Iyaye mata da ke bayan zana. Jama'a manya da yara, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni, Dalhatu tsohon maharbi, damar magana. Na gode wa malaminmu na yaƙi da jahilci, wanda ya zaunar da ni a aji da farin gemu. Albarkacinsa yau da idona na karanta sunan jikana Lukuman a ƙarƙashin hotunan nan da aka jera a bango. Wallahi tun safe bakina ya ƙi rufuwa.

Abu na farko, ku ji yadda aka sami hotunan. Da ɗari ya shigo, Lukuman ya zo daga wurin aikinsa a shagon Malam Istifanus, rataye da kyamara, wai barewa yake nema. Ya yi ta sintiri a gambar bakin rafi, ta hanyar Rawayya, bai samo komai ba sai mura. Na ce, "Kai ɗan birni, da wannan takalmi mai ƙara ko jaki ba zai tsaya maka ba."

Ya ce, "To tsoho, in gwiwar ba ta mutu ba, tashi ka nuna mini."

Na sauko da kan burtuna daga rataya, wannan na itace da muke ɗaurawa a goshi mu yi rarrafe, dabba ta zaci tsuntsu ne ke kiwo. Na ɗaura masa. Bayan asuba muka shiga ciyawa, raɓa ta jiƙa mu, yatsu sun ƙage, haƙora na kaɗawa. Yana gaba yana sara ƙasa da bakin burtu, ina baya ina danne tari. Sai ga barewa da ɗanta, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. Hannuna ya tafi neman kibiya da kansa, alhali ban zo da baka ba. Na ji kyamarar Lukuman ta yi ƙas! Ta ɗaga kai, ta dube mu, ta ci gaba da kiwonta.

Jama'a, na tsufa a farauta, amma ban taɓa ganin an kawo dabba gida alhali tana can daji tana kiwo ba, sai bana.

Abu na biyu shi ne ya tsayar da ni a gabanku. An sa ranar Asabar za a sa wa daji wuta a yi farauta, kamar kowace shekara. Da ina saurayi, in wuta ta kori dabba, akwai dajin da za ta faɗa. Yau gabas gyaɗa, yamma auduga, kudu gonaki har Ruwan Bore. Gwanki ya tafi, ba wanda ya yi masa rakiya. Gambar nan ita kaɗai ta rage wa barewa, ita ta rage wa gada, ita ta rage wa zabin daji. In ta ci wuta, hoton nan na bango shi ne barewar ƙarshe da jikokinmu za su gani.

Sarkin Dawa Jatau, abokina tun muna ɗana tarkon kurege, ya ce da ni jiya, "Dalhatu, hoto ake sawa a miya?" Ba a sawa, Jatau. Amma baɗi me za ka sa, toka?

Ban ce a bar farauta ba. Ku ƙone tudu, ku ƙone bayan dutse. Daga rafi zuwa tsohuwar kuka kawai nake roƙo a bari. Kuma ba da baki kaɗai nake roƙo ba: gobe da sassafe zan fita da fartanya in share faffaɗar hanya kewaye da gambar, yadda wuta ba za ta tsallaka ba. In an taya ni, mu gama kafin Asabar. In ba a taya ni ba, ranar Asabar mai riƙe da wuta zai same ni zaune a cikin ciyawar, da kan burtuna a goshi.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, ya raba mu da gobara, ya albarkaci rumbunanmu da 'ya'yanmu, ya mai da baƙinmu gida lafiya. Jatau, fartanya biyu gare ni.

Na gode.